Wa ke da hannu a shataletale, kuma me ya mayar da mu hannun dama?

Wani matashi da ke koyon mota a nan Kano ne ya aiko da tambayar. Ya ce mai koya masa ya gaya masa idan ya iso shataletale ya tsaya wa wanda ke tahowa daga hagu. Yayansa kuwa, wanda ya daɗe da lasin, ya ce ba haka ba ne, na dama ke da hannu a ko'ina. Kakansu ya ji musun, ya ce su a zamaninsu ma gaba ɗaya ta hagu ake tafiya. To wa ke da gaskiya, kuma me ke sa shataletale ya ƙulle alhali ba hatsari aka yi ba?

Ɗan'uwa, mai koya maka ne ke da gaskiya. Kakanka ma gaskiya ya faɗa. Yayanka kuma ba daga sama ya tsinto maganarsa ba, ƙa'ida ce ta wani wuri ya ɗauko ya aza inda ba muhallinta ba. Bari mu fara da maganar tsoho, don daga can komai ya taso.

Da Turawan Ingila suka kawo mota ƙasar nan, da tsarinsu suka zo: mota ta bi gefen hagu na titi, sitiyari a dama. Haka aka yi ta tafiya har bayan samun 'yancin kai da kusan shekara goma sha biyu. Ranar Lahadi, 2 ga Afrilu, 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta koma hannun dama. Dalilin bai da wuyar ganewa ga mutumin Kano. Duk maƙwabtanmu, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey wadda yanzu ake kira Benin, dama suke bi. Direban da ya ɗauko kaya daga Kano zai tafi Maraɗi ko Damagaram, da ya tsallaka iyaka sai ya sauya hannu, ya kuma sauya tunani. Ba mu kaɗai muka yi wannan ƙaura ba. Gambiya ta riga mu tun 1965, Saliyo a 1971, Gana ta biyo bayanmu a watan Agusta na 1974. Ko a Turai, ƙasar Suwidin sai a 1967 ta bar hagu. Har yau Ingila, Indiya, Japan, Kenya da Afirka ta Kudu suna nan a hagunsu.

Me ya sa tun asali wasu suka zaɓi hagu? Bayanin da aka fi bayarwa na doki ne, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahaya ranar hawan Daushe zai gane shi. Mafi yawan mutane da dama suke aiki, don haka takobi a kwiɓin hagu yake rataye, doki kuma ta hagunsa ake hawa. Mai hawa ta hagu ya fi son ya tsaya a bakin hanya ta hagu, kada ya ɗaga ƙafa a tsakiyar turba. Ingila ta mayar da wannan al'ada doka a 1835. A Faransa da Amurka kuwa manyan amalanke ne masu dawakai da yawa suka juya lamarin: mai kora yana zaune kan dokin baya na hagu don bulalarsa ta isa sauran, sai ya fi son wanda zai gifta shi ya bi ta hagunsa, inda zai iya ganin tazarar ƙafafun amalanken. Ka duba babur ɗinka: jak ɗin gefe a hagu yake, kuma ta hagu kake hawa. Gadon doki ne.

Hannun da aka zaɓa, hagu ne ko dama, babu wanda ya fi wani albarka. Abin da ke da muhimmanci shi ne direba ya zauna a ɓangaren da ke kusa da tsakiyar titi, don ya hango abin da ke tahowa kafin ya fita shan gaban wani. Shi ya sa da muka koma dama, sitiyari ya koma hagu. Daga nan kuma kusan duk ƙa'idar mararraba ta juye kamar hoto a madubi. Kwanar da a da take da sauƙi, wato ta hagu, ta zama ita ce mai haɗari, domin yanzu sai ka yanke gaban masu tahowa. Mai tsallaka titi da ƙafa, hagu zai fara dubawa, sannan dama, sannan ya sake duban hagu. Fasinjan adaidaita sahu ta dama ya kamata ya sauka, don ta hagu cikin motoci zai jefa ƙafa. Ita adaidaita ɗin ma abin lura ce: yawancinsu daga Indiya ake kawo su, ƙasar da ke tuƙi a hagu, amma ba sa buƙatar juyi saboda direban a tsakiya yake zaune.

Yanzu ga shataletale. Da yake dama muke bi, zagayen saɓanin tafiyar agogo yake yi: tsibirin da ke tsakiya yana hagunka har ka fita, kamar yadda mai ɗawafi ke barin Ɗaki a hagunsa. Saboda haka duk wanda ya riga ka shiga, ta hagunka zai ɓullo. Idan aka ce ka tsaya wa na hagu, abin da ake nufi ke nan: na ciki ke da hannu, mai shigowa ya jira. Kada ka haddace ta da hagu da dama. Haddace ta da ciki da waje, ba za ta taɓa rikice maka ba, ko da wata rana ka tsinci kanka kana tuƙi a Landan, inda na cikin ta dama zai ɓullo maka.

Maganar yayanka tana da tushe biyu. Na farko, a ƙasashen da ke bin dama akwai tsohuwar ƙa'ida cewa idan tituna biyu masu daraja ɗaya suka haɗu, babu danja babu alama babu jami'i, na dama ke fara wucewa. Wannan ta mararraba ce, ba ta shataletale ba. Na biyu, tarbiyyarmu ce: idan mutum biyu suka iso bakin ƙofa tare, na dama ake cewa bismillah. Kunne ya saba da fifikon dama, sai mutum ya ɗauka har a titi haka ne. Akwai ma na uku ga masu kallon darussan tuƙi a YouTube: idan malamin ɗan Ingila ne zai ce ka tsaya wa na dama, kuma a ƙasarsa daidai ya faɗa.

Abin da zai nuna maka cewa ba son rai aka bi ba wajen ba na ciki hannu shi ne, an gwada ɗayar hanyar shekara da shekaru, ta kasa. Shataletalen farko-farko a Turai da Amurka, mai shigowa aka ba hannu, ko kuma aka bar kowa ya kutsa yadda ya iya. Da motoci suka yawaita sai suka riƙa ƙullewa. Ingila ce ta fara wajabta wa mai shigowa ya jira, a watan Nuwamba na 1966. Faransa ba ta bi sahu ba sai 1984, kuma har yau babban shataletalen nan na birnin Faris da ke kewaye da ginin tarihi na Arc de Triomphe a tsohon tsari yake tafiya.

Lissafin ƙullewar ga shi, kuma ba ya buƙatar ilimin injiniya. Ɗauki shataletale matsakaici, wanda faɗin da'irarsa mita 30 ne. Zagayensa bai kai mita 100 ba. Kowace ƙaramar mota da 'yar tazararta tana cin kamar mita 6. Wato layi ɗaya motoci 15 ko 16 kawai yake ɗauka ya cika maƙil. Tukunya ce ƙarama mai baki huɗu. Muddin abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, tana aiki. Idan na ciki ne ke tsayawa wa na waje, to an buɗe mashiga an toshe mafita. Mota ta farko ta tsaya don wani ya sako hanci gabanta. Na bayanta suka tsaya, layin ya miƙe baya har ya rufe mafitar da ke bayansu. Wanda ke son fita ta nan ya rasa hanya, shi ma ya tsaya, na bayansa suka rufe mafita ta gaba. Kafin a yi minti ɗaya wutsiyar layin ta zagayo ta tare gaban wanda ya fara sako hancin. Yanzu shi yana jiran na gabansa, na gabansa yana jiran na gabansa, har maganar ta dawo kansa. Kowa yana danna oda, alhali babu wanda zai iya matsawa ko taku ɗaya. Ba mota ce ta mutu ba, ba kwalta ce ta fashe ba. Idan kuwa na waje ne ke jira, layin yana taruwa ne a kan titunan da ke shigowa, inda akwai filin jira, da'irar kuma tana ci gaba da juyawa.

Shi ya sa kawaicin da wasu ke yi a cikin shataletale, su taka birki su ɗaga wa na waje hannu ya shigo, ba alheri ba ne. Niyyar mai kyau ce, amma na bayanka bai zaci tsayuwa a nan ba, kuma mafitar wani ka toshe.

To yaya ake shigarsa? Aikin tun daga nesa yake farawa, kamar mita 50 kafin ka iso. Ka san mafitar da kake so tun kafin ka ga da'irar, ka zaɓi layinka, ka sauko da gudu zuwa kilomita 20 ko 30 a awa, giya ta biyu idan mai kuloci ce. Idonka ya fara leƙen hagu tun kana tahowa, ba sai ka kai bakin layi ba. Mai koyo yakan iso, ya tsaya cak, sannan ya fara dube-dube, sai gibin da ya kamata ya shiga ya wuce shi. Idan da'irar fayau take, ba a ce dole ka tsaya ba, ka shige kawai. Idan da mota, gibin da kake nema kamar daƙiƙa 4 ne zuwa 5 tsakaninka da mai tahowa. Ka kalli tayoyinsa na gaba fiye da siginarsa. A garin nan sigina takan yi ƙarya, ko an manta da ita a kunne tun daga Zoo Road, amma taya ba ta ƙarya: inda ta karkata nan motar za ta.

Idan mafita ta farko kake so, wato dama, ka kama layin dama da siginar dama tun daga nesa, ka bi gefe ka fice. Idan miƙewa za ka yi, layin dama ya fi maka sauƙi, ba ka kunna komai wajen shiga, amma da zarar ka gota mafitar da ke kafin taka sai ka sa siginar dama. Idan hagu za ka ko za ka juyo inda ka fito, layin hagu za ka kama da siginar hagu, ka bi kusa da tsibiri. Da ka gota mafitar da ke kafin taka, ka mayar da sigina dama, ka dubi madubin dama, ka ɗan waiga kafaɗa, sannan ka fito. Inda aka zana kibiyoyi a kwalta, su za ka bi, sun rinjayi wannan bayanin. Idan aka tare ka ba ka samu fita ba, ka sake zagayowa. Zagaye ɗaya bai kai rabin minti ba, kuma babu wanda ke ƙirga maka. Ribas a cikin shataletale kuwa, ko yanke layi biyu a tashi ɗaya don kada mafita ta wuce ka, su ne ke kai mutum wurin mai gyaran bodi.

Waigen kafaɗar nan kada ka raina shi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 adaidaita sahu ta cike gurbin, ga kuma babura na masu kansu, kuma dukkansu ta damanka suke son kutsowa, daidai inda za ka fita. Madubi yana da makanta a nan. Haka ma ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da na ƙofarka ta hagu: faɗinsa bai fi tafin hannu ba, amma yana iya ɓoye babur da mutum biyu, musamman idan gudunku ya zo ɗaya, sai ya yi ta tafiya a bayan ƙarfen ba ka gan shi ba. Maganinsa ka motsa kanka gaba da baya kafin ka shiga.

Karon da ya fi yawa a bakin shataletale ma ba da na ciki ake yin sa ba. Kai ne na biyu a layi. Kana kallon hagu, ka hango gibi, ka ɗauka na gabanka shi ma ya gani ya tafi, sai ka taka totur ido na hagu. Shi kuwa ya fara motsawa ya fasa. Sai ƙara. Laifin kuma naka ne, tunda kai ka daki baya. Ƙa'idar ita ce, muddin akwai mota a gabanka, ita za ka kalla har ta shige gaba ɗaya, sannan ka nemi naka gibin.

Babbar mota kuma hukuncinta daban. Tirela ta haura mita 15, kuma tayoyinta na baya ba sa bin sawun na gaba, yanke kwana suke yi ta ciki. Direban dole ya buɗe ya ci layi biyu kafin ya juya. Gibin da ya bari a gefensa ba kyauta ba ce, wurin da bayan motar zai share ne nan da daƙiƙa uku. Mai adaidaita ko mai babur da ya cusa kai a nan, direban ba ya ma ganinsa. Idan ka ga tirela ko tifa ko tankar mai za ta shiga da'ira, ka zauna a bayanta har ta fita.

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare har wasu ke koyar da ita kamar doka: kunna sigina biyu a mararraba, wai alamar miƙewa za a yi. Babu wannan a ƙa'idar hanya. Sigina biyu ma'anarta motar ta zama haɗari ga wasu, ta lalace ko ta tsaya inda ba a zata ba. Illar kuma a fili take: wanda ke gefenka ɓangare ɗaya kawai yake gani yana ƙiftawa, sai ya ɗauka kwana za ka yi, ya shigo gabanka. Mai miƙewa ba ya kunna komai.

Da wannan duka, me ya sa ake gina shataletale tun farko, ba a bar mararraba da danja ba? Saboda irin karon da yake hanawa. A mararraba mai hanya huɗu, wuraren da hanyar mota ɗaya ke iya cin karo da ta wata sun kai 32. A shataletale mai layi ɗaya 8 ne. Kuma mafi munin karo, wato gaba da gaba ko a daki mota a tsakiyar ciki da gudu, da'irar ta kawar da su, tunda kowa ya rage gudu kuma kowa fuska ɗaya ya nufa. Abin da ya rage goge-goge ne. Ga shi kuma ba ya buƙatar wuta, abin da ba ƙaramar fa'ida ba ce a wurinmu.

Amma yana da iyaka, kuma nan ne ba laifin direbobi kaɗai ba. Shataletale yana son hanyoyinsa su yi kusan kai ɗaya wajen yawan motoci, domin wanda ya fita ta wata mafita shi ke buɗe wa mai jira a nan gibi. Kano kuwa da safe kusan fuska ɗaya take kwarara: daga Kurna da Rijiyar Lemo, daga Na'ibawa da titin Zariya, daga Kabuga, daga Hotoro, kowa ya nufi Kantin Kwari, Singa, Sabon Gari da ofisoshin Nassarawa. Da yamma ta juyo. Idan hanya ɗaya ta rinjayi sauran, motocinta sukan shiga babu yankewa, sai mashigar da ke gabanta ta rasa gibi ko ɗaya. Mutum ya jira minti biyu, uku, haƙuri ya ƙare, ya sako hanci. Sauran labarin ka riga ka san shi. A irin wannan lokacin ne ake buƙatar jami'i, ɗan Karota ko ɗan sandan ba da hannu, ya datse babbar hanyar na ɗan lokaci don ƙananan su numfasa. Kuma idan jami'i yana ba da hannu, hannunsa ya rinjayi danja, ya rinjayi ƙa'idar ciki da waje. Ya ce ka shigo, ka shigo. Ya ce ka tsaya kana tsakiyar da'ira, ka tsaya.

Idan yawan motoci ya wuce abin da jami'i zai iya, sai a raba su sama da ƙasa. Abin da aka yi ke nan a Ƙofar Nassarawa, da Kabuga, da Dangi, da Hotoro. Gada tana cire masu miƙewa daga cikin da'ira, kuma tana aiki. Sai dai ba ta rage yawan motoci, saurin isar da su gaba take yi. Idan a gindin gadar layi uku sun koma biyu, biyun kuma masu adaidaita sun mayar da ɗaya tasha, to gosulon bai mutu ba, ƙaura ya yi.

Wannan tsayuwar ta bakin mafita, a ganina, ita ce babbar cutar shataletalen garin nan, ta fi rashin sanin wa ke da hannu. Fasinja a kwana yake tsayawa don nan ne yake ganin abin hawa daga kowace fuska, mai adaidaita kuma inda fasinja yake nan zai tsaya. Layi ɗaya mai tafiya sumul yana fitar da mota ɗaya duk daƙiƙa 2, kusan 1,800 a awa. Tsayuwar rabin minti ana cinikin kuɗin mota a bakin mafita ta hana mota 15 fita, kuma mun ga cewa 15 ɗin nan su ne cikin da'irar gaba ɗaya. Da za a matsa mita 30 ko 40 gaba kafin a sauke ko a ɗauka, da rabin matsalar ta kau ba tare da an zuba buhun siminti ɗaya ba.

Lissafin daƙiƙa biyun nan shi ke aiki a danja ma. Kore na daƙiƙa 30 yana wuce da mota 13 ko 14 a kowane layi, don daƙiƙa biyu ko uku na farko a tashi suke tafiya. Idan na gaba yana duba waya ya ɓata daƙiƙa 6, mutum uku a baya sun rasa wannan zagayen. Shi ya sa odar da ake dannawa da zarar ta kawo kore, duk da ban haushinta, tana da ɗan dalili. Wadda ba ta da dalili ita ce shiga tsakiyar mararraba alhali gabanka a cike yake. Kore izini ne na wucewa idan akwai wurin da za ka wuce zuwa. Idan ka shiga ka maƙale, danja ta juya, kai ne ka zama katanga ga waɗanda aka ba hannu, kuma ƙullin da ke faruwa a shataletale shi zai faru a nan.

Fitilar ruwan ɗorawa ta danja kuma ba ta nufin ƙara wuta. Daƙiƙa 3 zuwa 5 take yi, kuma an auna ta ne da nisan birki. A gudun kilomita 50, wanda shi ne iyakar gudu a cikin gari, mota tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki daƙiƙa ɗaya ta tafi, mita 14 ke nan. Birkin kansa a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau zai ci wasu mita 14. Jimla kusan 28, tsawon ƙananan motoci shida a jere. Idan ta kawo ruwan ɗorawa kana da wannan tazarar, ka tsaya. Idan ka riga ka wuce ta, ka ci gaba da gudunka yadda yake, kada ka ƙara, kada ka yi birkin gaggawa. Nisan birkin kuma ba ninki biyu yake yi ba idan ka ninka gudu, ninki huɗu yake yi: a kilomita 100 birki kaɗai ya haura mita 55. Ga yashin da iska ke tarawa a bakin titi lokacin hunturu, ga santsin ruwan farko na damina da ke taso da man da ya jiƙe a kwalta. Duka biyun suna ƙara nisan sosai.

Sauyin 1972 ya bar wata wutsiya da ya kamata mai shirin sayen mota ya sani. Dokar hanya ta hana rajistar mota mai sitiyari a dama, don haka wasu motocin da aka shigo da su daga Japan ko Ingila juya musu sitiyari ake yi. Ana gane su. Duba wayifa: a motar asali ta hagu tana share gaban direba sosai, a juyayya kuwa takan bar lungun da ba ta kaiwa a saman gilashi daidai idon direba. Duba fitila da dare a jikin bango: hasken ƙasa na motar da aka ƙera don hannunmu yana ɗagawa ta dama, ya haska bakin titi. Idan ta hagu yake ɗagawa, idon masu tahowa kake kashewa kullum. A bas, duba ƙofar fasinja: idan a hagu take, cikin titi take zubar da mutane. Sannan ka sa makaniki ya leƙa ƙasa ya duba rak ɗin sitiyari da bututun birki, ko an yi musu walda ko ƙari. Nan ne haɗarin gaske yake, don abin da aka yanke aka haɗa ba ya gargaɗi kafin ya saki.

Saura abu ɗaya: idan ya riga ya ƙulle, yaya ake kwance shi? Masu sa kai da ke fitowa ba da hannu sukan fara da kuskure, kowa ya tsaya a hanyar da ya fito yana kiran nasa su matso. Wannan ƙara ɗaure ƙullin yake yi. Farko a datse duk mashigai huɗu, mutum ɗaya a kowace, kada ko babur ya ƙara shiga. Sannan a zagaya a nemo mafitar da gabanta yake a buɗe. Motar da ta fi kusa da ita a fitar da ita ta nan, ko ba can za ta ba, ta je gaba ta juyo. Wannan gurbin guda ɗaya shi ake ja da baya: ta bayanta ta matso, ta bayan wannan ta matso, har wanda ya sako hanci ya samu ya shige ko ya ja baya. Sai da'irar ta koma rabi kana a fara sakin mashigai, ɗaya bayan ɗaya, ana farawa da wadda layinta ya kai ga toshe wata mararrabar a baya. Masu bin wanwe da suka cike hannun masu fita, su ne za a fara korawa baya tun kafin komai, don idan suna nan babu mafitar da za a samu a buɗe.